Gyaran Tsohon Gida: Amsoshin Likita Kan Fenti, Silin Da Ƙura

Assalamu alaikum. Ruwa ya ɗauke, amfanin gona ya shigo hannu, kuma duk lungun da ka bi a Zariya, cikin Birni, Tudun Wada ko Sabon Gari, za ka tarar da tarin yashi da bulo a ƙofar gida. Wani zai aurar da ɗa yana gyara masa ɗaki, wani an raba gado ya karɓi kasonsa yana so ya mayar da shi na zamani. Shi ya sa tambayoyin wannan makon kusan duk a kan gyaran gida suke. Na zaɓi tara, kuma akwai guda ɗaya a cikinsu da nake roƙon kowace uwa ta karanta har ƙarshe.

Likita, ni birkila ne a Jushi. Hannuwana sun tsattsage saboda siminti, har jini suke yi.

Malam, ɗanyen siminti yana ƙona fata a hankali, ba tare da ka ji zafi nan take ba. Ka sa safar hannu ta roba mai kauri da takalmin ruwa, ka wanke hannu da ruwa mai yawa da zarar ka tashi, ka shafa basilin. In ya faɗa maka a ido, ka yi ta kwarara ruwa mai tsabta na minti 20, sannan ka wuce asibiti a ranar. Kada a ɗiga maka komai a ciki.

Likita, gidanmu na gado ne a Sabon Gari, tun na kakan maigidana. Sati uku ke nan ana kankare tsohon fentin ƙofofi da tagogi da samfefa, muna ciki. Yarona ɗan shekara ɗaya da rabi na kama shi yana cin ɓawon fentin. Yanzu ya rage cin abinci, ga yawan kuka, ga bayan gida yana yi masa wuya. Surukata ta ce haƙori ne, a bar shi. Ni kuma ina da ciki wata biyar.

'Yar'uwa, tambayarki ce ta fi tayar min da hankali. Kafin komai: ki ɗauki yaron nan ku bar gidan yau, ku koma gidanku ko na wani ɗan'uwa har a gama aikin a wanke ko'ina. Gobe da safe ki kai shi wurin likitan yara. Ba na cewa lallai abin da nake tsoro ne ya same shi, amma alamun da kika lissafa da aikin da ake yi a gidan sun isa a bincika.

Abin da nake tsoro shi ne gubar dalma. An daɗe ana zuba dalma a fentin mai, irin mai sheƙin nan da ake shafa wa ƙyaure, taga, ƙarfen baranda da gadon ƙarfe, don launi ya fito kuma ya yi saurin bushewa. Amurka ta hana shi a gidajen zama tun 1978, amma a ƙasashenmu an ci gaba da sayar da shi shekaru da yawa bayan haka, musamman ja, rawaya da kore. Tsohon gida kuwa fenti ne bisa fenti. Muddin yana manne a jikin ƙofa bai ɓare ba, haɗarinsa kaɗan ne. Ranar da aka sa masa samfefa ko aka babbake shi da wuta, ya zama gari, ya sauka a daɓe, a tabarma, a kwanon abinci, a bakin randa. Babba yana tafiya a tsaye. Yaro rarrafe yake yi, kuma duk abin da hannunsa ya taɓa bakinsa zai kai. Ga shi hanjin ƙaramin yaro yana tsotse dalma ninki huɗu zuwa biyar na abin da na babba ke tsotsewa, kuma yaron da ke da ƙarancin jini ko yake kwana da yunwa ya fi kowa ɗauka.

Mu a Arewa mun ga abin da dalma ke yi. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, yara fiye da 400 suka rasu saboda ana kawo duwatsun zinariya cikin gida ana daka su ana niƙawa, ƙurar tana sauka inda yara ke wasa. Tashin farko zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau aka yi ta zato, sai da aka gwada jini aka gane. Na san adadin da ke cikin fenti bai kai na waɗancan duwatsu ba, kuma ban kawo wannan don in firgita ki ba. Na kawo shi ne saboda darasi biyu. Na farko, gubar dalma tana sajewa da cututtukan da muka saba: ciwon ciki, taurin bayan gida, ƙin abinci, kasala, ƙarancin jini, fushi da kuka. In ta yi yawa sai amai, yawan barci da jijjiga, a nan ne ake cewa iska ce ko mayu, a tafi neman hayaƙi da rubutu alhali ƙwaƙwalwar yaro tana kumbura. Na biyu, a Zamfara magani kaɗai bai wadatar ba, sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa, domin yaron da aka yi wa magani ya koma cikin ƙurar sai gubar ta dawo.

Abin da ya fi damuna ma shi ne yaran da ba su nuna komai ba. Dalma kaɗan tana rage kaifin ƙwaƙwalwa, ji da natsuwa, kuma abin da ta lalata ba ya dawowa. Sai yaro ya shiga makaranta a ce daƙiƙi ne, a yi ta dukansa a kan hadda, babu wanda zai tuna da gyaran gidan da aka yi yana rarrafe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a kira shi marar illa.

Ki gaishe min da Hajiya, ki faɗa mata cikin ladabi cewa fitowar haƙori tana kawo dalalar miyau da ƙaiƙayin dasashi, amma ba ta hana yaro bayan gida na makonni. A asibiti ki faɗa wa likita da bakinki: "Ana kankare tsohon fenti a gidanmu, kuma na ga yaron yana ci." In ba ki faɗa ba, mai yiwuwa a ba ki maganin zazzaɓi a sallame ki. Gwajin jini ne kaɗai ke tabbatarwa, kuma ba kowane ɗakin gwaji ke yin sa ba. Sashen yara na Asibitin Koyarwa na Shika za su nuna miki hanya. Akwai maganin da ke fitar da dalma, amma sai adadin ya kai wani mataki ake ba da shi, kuma a hannun likita. Ke ma ki faɗa a wurin awo, domin dalma tana ratsa mahaifa ta kai ga ɗan tayi, tana iya jawo ɓari, haihuwar bakwaini da hawan jini. In yaron ya fara amai, barcin da ba ya farkawa ko jijjiga, ko tsakar dare ne ku tafi asibiti.

Masu aikin kuma su daina goge fenti a bushe, su daina ƙona shi. A jiƙa, a kankare da wuƙar fenti a kan leda, a tattara a ƙulle. Kada a yi shara da tsintsiya, a goge da jiƙaƙƙen tsumma, a sake gogewa. Tsohon ƙyaure mai fenti kada a faskara shi a hura wutar girki. Tun da muna kan maganar, kwallin dutse da ake ranbaɗa wa jarirai shi ma galibi dalma ce. A bar shi.

Likita, ni mai fenti ne a Tudun Wada. Maigidanmu yana saya mana madarar gwangwani in mun tashi aiki don ta wanke ƙirji. Gwangwani nawa ya kamata mu sha?

Ƙanena, ko katan ka shanye ba za ta wanke komai ba. Na gaji da jin wannan magana, kuma tana ɓata min rai domin ita ce take hana ku neman kariyar gaske. Madara ciki take tafiya, ƙura da tururin fenti huhu suke tafiya, hanyarsu ba ɗaya ba ce. Madara abinci ce mai kyau, ka sha don gina jiki. Amma kuɗin gwangwanin sati guda a tara a saya muku takunkumi mai matata. Ƙyallen da kuke ɗaurawa a hanci ba ya tare ƙura mai laushi. Takunkumi mai lamba N95 yana tare ƙura, tururin tina kuwa, wato man da ake tsinka fenti da shi, sai takunkumin roba mai gwangwanin gawayi a gefe. Ku buɗe tagogi, kada ku ci abinci ko goro da hannun fenti, kada ku wanke hannu da fetur ko tina, kuma ka canza kaya ka yi wanka kafin ka ɗauki ɗanka.

Wani abu kuma, don Allah: ku daina zuba tina da kananzir a gorar ruwa ko ta lemo kuna ajiyewa a tsakar gidan mutane. Yara suna sha. In hakan ta faru, iyaye, kada a ɗura wa yaro manja, kada a ɗura madara, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro. Amai ne yake tura man cikin huhu, kuma abin da ke kashe yaran ke nan, ba wanda ya zauna a ciki ba. Na karɓi yara da yawa da manjan da aka ɗura musu ya fi kananzir ɗin yi musu illa. A cire rigar da ta jiƙe, a ɗauki gorar, a tafi asibiti ko da yaron yana wasa, domin numfashin yakan rikice bayan awoyi.

Likita, gidana a Samaru an gina shi a 1979, silin ɗinsa na asbestos ne. Ina so in cire in sa na zamani. Wani ya ce yana kawo kansa. Shekara 30 muna kwana a ƙarƙashinsa.

Alhaji, gaskiya aka faɗa maka, amma ka kwantar da hankalinka game da shekarun da suka wuce. Asbestos wani ma'adini ne mai zare-zare da ake cakuɗawa da siminti a yi allon silin, kwanon rufi mai kauri da bututu. Allon da yake lafiya, an shafe shi da fenti, ba ya sakin zaren sosai. Haɗarin yana ranar cirewa: a fasa da guduma, a yanka da zarto ko inji, a jefo daga sama. Zaren ya fi gashi siranta nesa ba kusa ba, ido ba ya ganinsa, ba ya wari, ba ya sa tari a ranar. In ya shiga huhu ba ya fita. Bayan shekara 20 zuwa 40 yana iya zama taurin huhu, kansar huhu, ko kansar tantanin da ya lulluɓe huhu, wadda har yau ba a cika warkewa daga gare ta ba. Birtaniya ta haramta shi gaba ɗaya a 1999. Mai shan taba da ya shaƙi asbestos haɗarinsa na kansar huhu ya ninka na kowa.

Shawarata ta farko, in silin bai farfashe ba, ka bar shi, a yi sabon a ƙarƙashinsa ba tare da an huda tsohon ba. In dole sai an cire, iyali su fita, a kwashe kaya, a kashe fanka, a jiƙa allon da ruwa mai ɗan sabulu, a zare ƙusoshi a sauke shi ɗai-ɗai da hannu, a naɗe a leda mai kauri. Masu aikin su sa takunkumi mai lamba P100 ko FFP3, su bar kayan aikin a can, kada a kai wa matansu wanki. Kada a zuba ɓaraguzan a lungu don cike kwari inda mashin zai yi ta niƙa su, kada a ba yara su yi allon wasa, kada a ɗora a murhu. Kafintocin da suka yi shekaru suna yanka shi su ne a gaba wajen haɗari, kuma haƙƙinsu yana wuyanka in ka sa su aiki babu kariya. Duk wanda numfashinsa yake gazawa ko yake ramewa, ya je asibiti ya ambaci sana'arsa. Tarin da ya wuce sati biyu a fara gwada tarin fuka, kyauta ne a cibiyar tarin fuka ta Saye da asibitocin gwamnati.

Likita, mun buɗe silin a gidanmu na Kwarbai, kashin jemage da na ɓera ya zubo kamar buhu biyu. Yara ne suka share.

Bai kamata yara su share ba, Malama. Tsohon kashin jemage yana ɗauke da wata fumfuna da ke kama huhu, ta yi kama da tarin fuka. Fitsari da kashin ɓera kuma ta nan zazzaɓin Lassa yake yaɗuwa, kuma rani ne lokacinsa. Yawanci babu abin da zai faru, amma ki sa musu ido na sati uku. Zazzaɓin da bai ji maganin cizon sauro ba cikin kwana biyu zuwa uku, ciwon maƙogwaro, amai ko zubar jini, ku tafi asibiti, ku faɗi aikin da suka yi. Kada a tsaya a kemis ana canza allura. Abin da ya rage a yayyafa masa ruwan bilic, a bar shi ya jiƙa, babba ya kwashe da safar hannu da takunkumi. Hatsin da abin ya zuba a ciki a zubar.

Likita, na taka tsohuwar ƙusa a wurin rushe ɗaki, a Ƙofar Doka. Abokan aiki sun bubbuga wurin da katako jini ya fita, suka zuba baƙin mai. Kwana biyu ke nan. Ya isa?

Bai isa ba, kuma sun ƙara maka ciwo. Ina rasa gane yadda mutum zai zuba man da aka juye daga inji a cikin naman ɗan'uwansa ya kira shi magani. Haka masu zuba kananzir, ruwan batir, toka ko ƙasar bango. Abin tsoro a nan shi ne cutar sarƙe-haƙora, kuma ƙwayar da ke kawo ta ba tsatsar ƙusa ba ce. A cikin ƙasa take zaune da kashin dabbobi, kuma tsohon gidan da aka yi shekaru ana ɗaure awaki cike yake da ita. Tana son rami mai zurfi marar iska, irin wanda ƙusa ke yi, bugu da baƙin mai kuma suna kashe naman wurin su gyara mata wurin zama. Alamun suna fitowa tsakanin kwana 3 zuwa 21: muƙamuƙi ya ƙi buɗewa, wuya da baya su sandare, jiki ya riƙa ɗaurewa in an yi ƙara. In ta kai nan jinyar tana da tsada da wuya, kuma da yawa ba sa tashi.

Ka je asibiti yau, ba gobe ba. Za a wanke ciwon, a duba ko wani abu ya karye a ciki, a yi maka allurar rigakafi. In ba ka taɓa yi ba ko ba ka tuna ba, akwai allura ta biyu mai ba da kariyar gaggawa. In kana da ciwon sukari, ko ƙafar ta kumbura tana zafi, kada ka ƙara ko awa ɗaya. Silifas ba takalmin aiki ba ne.

Likita, kwana nawa amarya za ta jira kafin ta tare a ɗakin da aka yi wa sabon fenti?

Fentin ruwa, kwana biyu zuwa uku tagogi a buɗe. Fentin mai, sati guda ko har warin ya tafi. Turaren wuta rufe warin yake yi kawai, kuma kada a kai garwashi ɗaki a rufe don fenti ya bushe. Mai ciki, jariri da mai asma su ne na ƙarshen shiga.

Likita, akwai tsohuwar rijiya da masai da aka daina amfani da su a gidanmu na Gyallesu. Muna so a yashe rijiyar.

Malam, ramin da ya daɗe a rufe yana tara iska mai guba, iskar numfashi kuma ta ƙare a ƙasansa. Mai shiga ba ya samun damar ihu, sulalewa kawai yake yi. Abin da ke ƙona min rai shi ne yadda ake rasa mutum biyu ko uku a rami ɗaya, kowa ya shiga ceton na gabansa. In wani ya faɗi a ciki, kada kowa ya bi shi, a kira 'yan kwana-kwana. A ba masu sana'ar aikin, a bar ramin a buɗe a tura masa iska, mai shiga ya ɗaura igiya a ƙirji da mutane riƙe a sama. Injin jan ruwa ko janareta kada a saukar da shi ciki ko a ajiye a bakin ramin, gubar da ke cikin hayaƙinsa ba a jin warinta kafin ta kashe. Tsohuwar masai kuma a cike ta, a killace wurin kafin nan saboda yara.

Likita, soron mahaifinmu a Limancin Kona ginin ƙasa ne, bango ya tsage, azara ta fara lotsawa. Tsohuwarmu ta ƙi fita, ta ce a nan aka kawo ta.

Allah Ya ƙara wa Inna lafiya. Na fahimci abin da ɗakin yake a wurinta, amma ku lallashe ta ta koma wani ɗakin, ko da sunan kwana kaɗan ne. Duk Bazazzagi yana tuna Juma'ar nan ta watan Agustan 2023 da wani sashe na Babban Masallacin Zariya, ginin da ya haura shekara 180, ya rufta ana sallar La'asar. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Ginin ƙasa yana da ƙarko in ana yi masa yaɓe da gyaran indararo, amma in ruwa ya shige shi ko gara ta cinye azara, ba ya ba da sanarwa mai tsawo. Ƙasa tana zubowa daga rufi, ƙofa ta fara cijewa, tsaga tana ƙara faɗi: kowa ya fita. Ku kira magini wanda ya san ginin ƙasa, a tokare rufin kafin a taɓa kowane bango, kuma kada a ɗora bulo ko kankare a kan tsohon bangon tubali.

Wurin rushewa a kula da kunama da maciji. Wanda maciji ya sara kada a ɗaure, kada a tsaga, kada a tsotse, a hana ƙafar motsi a kai shi asibiti. Wanda ya faɗo daga kan soro ko gini ya danne shi, kada a naɗe shi a cusa a Keke Napep, kada a fara da gidan maɗori. A kwantar da shi a miƙe a kan ƙyaure ko faffaɗan katako, mutum ɗaya ya riƙe kansa da wuyansa kada su juya, a kai shi sashen gaggawa na Shika ko Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan. Ko ya miƙe ya ce lafiyarsa ƙalau, a kai shi, domin jinin da ke zuba a ciki ko a ka ba ya nunawa da wuri.